Martani Ga Malamin Da Ya Ce A Guji Hikayoyin Matan Birnin Sin

Wani malami daga cikin ma'abota alƙalami na ƙasarmu, wanda shekarunsa da karatunsa suka wajabta mini girmama shi, ya rubuta maƙala kwanakin baya yana kokawa da wani nau'in littattafai da ya ce sun shigo hannun samarinmu da 'yan matanmu ta wayar hannu, wato hikayoyin nan da ake ginawa bisa tarihin ƙasar Sin ta zamanin sarakuna, inda za a wayi gari a tsinci gawa a gidan mata mawaƙa masu karɓar manyan gari, a shiga neman wanda ya yi kisan, soyayya kuma ta tsiro ana tsakiyar neman. Hukuncin da Malam ya yanke mai tsanani ne. A ganinsa kayan aro ne marasa tushe a wurinmu, ado ne aka yi wa karuwanci domin a kwaɗaitar da yara, cuɗa tarihi da ƙage kuwa ƙarya ce ko da an laƙaba mata sunan adabi. Saboda haka ya shawarci iyaye su hana, ya kuma gargaɗi marubutan Hausa kada wani ya kuskura ya bi wannan tafarki. Ni da nake zaune a Warra, bakin Tafkin Kainji, tare da irin yaran da Malam yake jiye wa tsoro, na yi tarayya da shi a cikin tsoron, amma na saɓa masa a hukuncin, kuma ina ganin haƙƙin ilmi ne a kaina in bayyana dalili, da ladabin da ya kamaci ƙarami a gaban babba.

Malaman usulu sun koya mana cewa ba a yanke hukunci a kan abu sai an san suransa, don haka ya kamata a fara da sanin ko su wane ne waɗannan mata. A zamanin daular Tang, wadda ta yi mulki daga shekarar 618 zuwa 907, babban birnin Sin shi ne Chang'an, wanda ake kira Xi'an a yau, kuma a cikinsa akwai wata unguwa mai suna Pingkang, kusa da kasuwar gabas, inda ɗaliban da suka zo jarrabawar shiga aikin sarki suke zuwa, waɗanda suka ci kuma su yi walimarsu a can. Wani mutumin zamanin, Sun Qi, ya rubuta labarin unguwar wajen shekarar 884, kuma duk wanda ya san abin da ya rubuta ba zai ƙara ɗaukar rayuwar matan nan abin sha'awa ba. Akasarinsu sayensu aka yi suna ƙanana daga gidajen matalauta, wasu kuma yaudararsu aka yi aka raba su da danginsu. Uwar gidan da ta saye su, wadda suke kira uwa alhali ba ita ta haife su ba, ita ke koya musu kiɗa da waƙa da iya zance a gaban masu ilmi, da bulala idan sun yi kasala. Ba su da ikon fita don kansu sai ranakun 8 da 18 da 28 ga wata, ranakun da ake wa'azi a wani ɗakin ibada da ke kusa, shi ma sai sun biya uwar gidan kuɗi kafin ta bar su su taka ƙofa. A dokar ƙasar kuma an jera su cikin ƙasƙantattun mutane, ba cikin 'ya'ya ba, ta yadda mace za ta iya tsara baitin da zai ba babban alƙali mamaki da daddare, gari ya waye ba ta mallaki ko kanta ba.

Ɗaya daga cikin matan wancan zamani da sunansu ya tsira ita ce Yu Xuanji, wadda aka fara ba wani ma'aikacin sarki a matsayin ƙwarƙwara, ya rabu da ita, ta koma zaman ɗakin ibada tana karɓar masu ilmi tana rubuta waƙoƙi, waɗanda kusan hamsin daga cikinsu suna nan har yau. Wajen shekarar 868 aka tuhume ta da kashe kuyangarta, aka yanke mata hukuncin kisa tun ba ta kai shekara talatin ba. Labarin tuhumar ya iso mana ne ta bakin wani mai tara hikayoyi, kuma masana na baya sun yi ta kai-kawo a kan ingancinsa. To, ga mace an kashe ta, ga kuyanga an kashe ta, su biyun ba wanda ya adana mana maganarsu a gaban shari'a; wanda duk ya karanta wannan, in dai yana da zuciya, sai ya tambayi kansa me ya faru a cikin gidan nan, kuma daga wannan tambaya nau'in littattafan da Malam yake suka ya fito. Robert van Gulik, jakadan ƙasar Holan masanin harshen Sin, wanda ya fassara tsohuwar hikayar alƙali Di Renjie a 1949 sa'an nan ya ci gaba da ƙaga nasa labaran a kan alƙalin, ya ɗauki mas'alar Yu Xuanji ya gina littafinsa na ƙarshe, Poets and Murder, da ya fito a 1968. Jeannie Lin, marubuciya Ba'amurkiya, ta sa littafinta The Lotus Palace na 2013 a cikin unguwar Pingkang kanta, kuma abin lura, tauraruwar labarin ba shahararriyar mawaƙiyar gidan ba ce, 'yar aikinta ce, mai tabo a fuska, wadda take shiga ɗaki ta fita ba wanda ya ɗaga kai ya dube ta.

A nan ne nake ganin Malam ya dubi ƙofar gidan bai leƙa ciki ba. Marubuci ba ya kai labarin bincike irin wannan gida domin sha'awar alfasha. Yana kai shi ne domin nan ne wurin da waziri da attajiri da ɗalibi da ɗan doka suke haɗuwa su saki baki, nan ne kuma ake samun shaidun da suka ga kome, amma shaidarsu ba ta da nauyi a idon masu iko. Idan aka kashe ɗiyar hakimi, hukuma za ta tashi da kanta. Idan aka kashe wadda aka saya da kuɗi, wanda zai tsaya sai an gano gaskiya dole ya zama ya yarda a ransa cewa jininta jini ne, kuma duk littafin da ya sa mai karatu ya bi sawun irin wannan mutum shafi bayan shafi, ya riga ya cusa masa wannan yarda tun bai ankara ba. Soyayyar da ke ciki ma, wadda ita ta fi tayar wa Malam da hankali, mafi yawanta fafutukar fita ce: yadda za a fanshi mace daga bashin uwar gida, yadda za a daidaita aure tsakanin ɗa da wadda doka ta ƙasƙantar. Ƙarshen irin waɗannan labarai galibi barin gidan ne da ɗaurin aure, ba shigarsa ba.

Ban ce dukansu tsarkakakku ne ba. Akwai waɗanda marubutansu suka shagala da siffanta alharini da turare da fitilu har suka manta da bulala da bashi, akwai kuma masu buɗe labulen ɗaki a inda kunya ta ce a sake shi, kuma wasu daga cikin littattafan Turanci na wannan nau'i an rubuta su ne domin manya, ba su dace da hannun yarinya 'yar sakandare ba. Da Malam ya ce uwa ta san abin da ɗiyarta take karantawa, malamin makaranta ya tace, da na sa hannu a ƙarƙashin maganarsa ba tare da ja ba. Aibin da ke cikin irin waɗannan shi ne sun ɓoye rabin gaskiya, kuma maganin ɓoyayyen rabi shi ne a fito da shi, ba a binne ɗaya rabin ba. An ƙone littattafan soyayya a bainar jama'a a Kano a shekarar 2007, ba su daina fitowa ba, sai ma suka koma cikin waya inda ashana ba ta isa.

Game da cewa ambaton irin waɗannan mata a rubuce fasadi ne, ina roƙon Malam ya duba ɗakin karatunsa. Al-Jahiz na Basra, wanda ya yi zamani da Yu Xuanji, ya rubuta risala sukutum a kan kuyangi mawaƙa na Bagadaza, yadda ake horar da su da yadda iyayen gijinsu suke cin riba da su. Abul Faraj al-Isfahani ya cika Kitabul Agani da labaransu da sunayensu, kuma malaman lugga ba su daina komawa gare shi ba. Hadisi ya tabbata a Buhari da Muslim game da karuwar da ta shayar da kare mai ƙishirwa aka gafarta mata, kuma ana karanta shi a zaure da masallaci ba wanda ya ce an yi wa sana'arta ado. Sama da duka, ƙissar Annabi Yusufu, alaihis salamu, ta ƙunshi gidan mai mulki, da mace da so ya rinjaya, da ƙofofi rufaffu, da tuhumar wanda bai ji ba bai gani ba, da mai shaida wanda ya warware mas'ala ta hanyar duban inda riga ta yage. Subhanallahi, ba ina daidaita wahayi da ƙagen ɗan Adam ba ne. Abin da nake nufi shi ne usulubin da aka koya mana a can, na faɗin abin da ya faru ba tare da batsa ba, da neman gaskiya ta hanyar alama, har fuƙaha'u irin su Ibn Farhun, mai Tabsiratul Hukkam da alƙalanmu na Malikiyya suka sani, suka kafa hujja da wannan riga wajen halatta hukunci da ƙarina, wato alama. Sinawa ma suna da nasu: Song Ci ya wallafa littafi a 1247 yana koya wa alƙalai yadda ake duba gawa domin kada a zalunci wanda ake tuhuma. Yaron da ya taso yana karanta labarin da ake tambayar ina hujja kafin a yanke hukunci, ya sami tarbiyyar da muke matuƙar bukata a ƙasar da ihun ɓarawo kaɗai yake isa a halaka mutum a kasuwa.

Zancen aro ba zan daɗe a kansa ba. Abubakar Imam ya ɗebo daga Alfu Laila da hikayoyin Turai da na Indiya ya zuba a Magana Jari Ce, kuma babu Bahaushen da yake jin baƙunci a fadar Sarki Abdurrahman.

Inda na fi so mu tsaya shi ne cewar da Malam ya yi wai wannan abu ba shi da tushe a wurinmu, domin a nan ne maganarsa ta fi nisa da abin da ƙasar Yauri ta sani game da kanta. Farfesa Mahdi Adamu, ɗan Ngaski, wanda ya fara bincikensa da tarihin Yauri a ƙarni na 19 kafin ya wallafa babban littafinsa a kan tasirin Hausawa a Afirka ta Yamma a 1978, ya nuna yadda ayarin fatake masu zuwa Gwanja sayen goro suke ratsa wannan yanki su ƙetare kogin Kwara. Duk inda ayari yake sauka akwai zango, duk inda zango yake akwai mata masu tuwo da fura, akwai zawarawa, akwai waɗanda suka gudo daga auren da ba su so, akwai kuma magajiya da take shugabantarsu, take sasanta rigimarsu, take tsaya musu a gaban sarki. Baba ta Karo, tsohuwar ƙasar Zazzau da Mary Smith ta rubuta labarin rayuwarta aka buga a 1954, ta yi maganar karuwai da bori da magajiya a fili, kamar yadda ta yi maganar aure da suna, domin a idonta duk cikin rayuwar gari suke. A ƙarshen ƙarni na 19, sa'ad da mayaƙan Kwantagora suke kai hari ƙauyukan Kambari da maƙwabtansu, kafin Turawa su ci garin a 1901, mata nawa aka kama aka raba gidaje, aka sayar, aka mai da su ƙwaraƙwarai? Jerin sarakuna ya adana mana cewa hedkwata ta bar Birnin Yauri, ta zauna a tsibiri, ta dawo Yelwa a 1888. Bai adana mana sunan ko ɗaya daga cikin matan nan ba. Yin shiru a kansu da sunan sitira daidai yake da rufe rijiya da tabarma a gidan da yara suke wasa.

Abin al'ajabi shi ne, hatta asirin da ake nema a irin waɗannan littattafai muna da shi kwance a bakin ruwanmu. A 1806 Bature Mungo Park ya biyo Kwara da jirginsa, ya tsaya a Yauri, tafintansa Amadi Fatuma ya rabu da shi a nan, shi kuma ya wuce ya halaka a duwatsun Busa. Me ya haɗa shi da mutanen wurin, ina kyautar da aka ce ya bayar a kai wa sarki ta maƙale, ina kundin tafiyarsa ya shiga, waɗannan tambayoyi sun sa an turo mai bincike daga Senegal a 1810, sun kuma kawo Richard Lander da ƙanensa John Yauri a 1830, inda suka yi makonni suna jiran takardun da ba su samu ba. A 1826 kuma, a Wawa ta ƙasar Bargu, ƙetaren tafkin nan daga inda nake, wani Bature, Clapperton, ya gamu da wata bazawara mai suna Zuma, ɗiyar Balarabe, mai dukiya da bayi masu yawa, wadda ta nemi aurensa a fili, ta hau doki da makaɗa ta bi shi, har sarkin garin ya riƙe kayan baƙon domin tsoron kada ta yi amfani da shi ta tayar masa da tawaye. Zuma ba karuwa ba ce, mace ce mai mallakar kanta. Amma duk abin da aka sani game da ita daga alƙalamin baƙi ne waɗanda suka mai da ita abin dariya ga mutanen ƙasarsu. Wa zai ba mu ita daga cikin gidanta, da harshen da ta yi ciniki da shi, in ba marubucin da Malam yake hanawa ba? Marubucin da ya sa wata kuyanga ta gidan magajiya a Yauri ta zama ita ce ta ga inda aka ɓoye takardun Bature, ya bi da mu ta kasuwa da fada da tsibiran Gungawa da kwale-kwalen Sarkawa, zai koya wa yaran Shanga da Ngaski tarihin ƙasarsu fiye da yadda allon aji ya taɓa koya musu.

Malam zai ce ai wannan ita ce ƙaryar da yake gudu. Ƙarya a shari'a ita ce ba da labari saɓanin yadda yake ga wanda yake ɗaukarsa gaskiya, amma wanda ya buɗe littafi an rubuta masa ƙagaggen labari ne tun daga bango, an riga an yi sharaɗi tsakaninsa da marubuci, kamar yadda aka yi tsakanin Hariri da masu karanta Maƙamatu, waɗanda malamanmu suke koyar da su a zaure alhali kowa ya san labaran Abu Zaid da ke cikinsu ƙagaggu ne. Gasar rubutu ta 1933 ma da wannan hanya ta buɗe mana adabin zube: Bello Kagara ya ɗauki yaƙin Kwantagora da Turawa ya ɗora Ganɗoki a kai, Abubakar Tafawa Ɓalewa kuma ya ɗauki cinikin bayi ta hamada ya ba mu mahaifiyar Shaihu Umar, wadda ta fita neman ɗanta ta faɗa bauta, kuma ban san wani littafin tarihi da ya sa Bahaushe ya ji zafin bauta a jikinsa kamar wannan uwa da aka ƙaga ba. A zamaninmu Ibrahim Sheme ya rubuta 'Yartsana a kan rayuwar karuwa, daga abin da ya fitar da ita gida har abin da ta tarar a bariki, kuma wanda ya karanta shi tausayi da tsoro yake tashi da su. Sharaɗin da ke kan mai wannan aiki shi ne amana: kada ya canza shekarar da aka sani, kada ya jingina wa sarki ko malami na gaskiya laifin da tarihi bai jingina masa ba, kada ya ambaci zuriyar da za a gane ya tozarta ta, ya kuma bayyana a ƙarshen littafi abin da ya samo da abin da ya ƙara, kamar yadda van Gulik ya saba yi.

Akwai kuma dalilin gaggawa da ya keɓanci mu mutanen bakin tafki. Da aka gama madatsar Kainji a 1968, ruwa ya shanye tsohuwar Busa da tsibirai da ƙauyuka masu yawa, aka tayar da mutum fiye da 40,000 aka sake musu matsuguni. Mutanen Kano suna iya nuna wa jikokinsu ganuwa da kasuwar Kurmi, mu kuwa da yawa daga cikin wuraren da kakanninmu suka yi kasuwa da aure suna ƙarƙashin ruwa, ba su da sauran mazauni sai ƙwaƙwalwar tsofaffi, kuma matan da suka yi wayo kafin tashin sun haura saba'in yanzu. Su ne suka san wace ce magajiyar wane zango, wace waƙa ake yi a wane biki, wace yarinya ce ta ɓata aka ce ruwa ne ya ci ta alhali kowa ya san ba ruwa ba ne. Malamin tarihi namiji ba kasafai suke buɗe masa wannan ba, amma jikanyarsu da ta karanta labarin 'yar aikin gidan Pingkang, ta gane cewa irin wannan mace ma tana da labarin da ya isa littafi, ita za ta iya zama kusa da kakarta da dare ta yi tambayar da ba a taɓa yi ba.

Don haka roƙona ga Malam, Allah ya ƙara masa lafiya, shi ne ya zaɓi ɗaya daga cikin littattafan da na ambata, na waje ko na gida, ya karanta shi daga farko har ƙarshe, sa'an nan ya kawo mana shafin da ya ga an ƙawata alfasha da shafin da ya ga an tona zalunci, mu auna su tare a wannan fili. Idan kuma hanya ta kawo shi Yauri, akwai tsofaffin mata a Warra da ƙauyukan da aka tayar waɗanda zan so ya saurara kafin ya sake ɗaukar alƙalami a kan wannan mas'ala.